Maki 23 a Melbourne: yadda matan Pakistan suka shiga kurket ta ƙofar shan kashi

Kamar kullum, ga rubutun shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta kai su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu a kan sauraro.

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihin wani wasa ne da na san yawancinmu ba ma kallo, wato kurket. Kar ku gudu tukuna. Labarin wata tafiya ce da wasu mata suka yi daga Karachi a farkon shekarar 1997, suka je Niyu Zilan da Ostireliya, suka buga wasa uku da sunan ƙasarsu Pakistan. Duka ukun sun sha kashi, kuma irin kashin da har yau yana cikin littafin tarihi. A wasa ukun nan sun tara maki 126, abokan karawarsu sun tara 909. Ni kuma ina ganin wannan tafiyar tana cikin mafi muhimmancin tafiye-tafiyen da wata tawagar mata ta taɓa yi a wasan nan, kuma zan faɗi dalilina.

Amma bari in fara warware muku wasan a gurguje, don lambobin su yi ma'ana. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangare ɗaya yana jifa da tsaron fili, ɗayan yana bugu. Mai jifa tana auna wasu turaku uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu tana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda tana kare su. Idan ta bugi ƙwallo, ita da abokiyarta suka yi musayar wuri a guje, maki ɗaya ke nan. Idan ƙwallon ya gangara ya kai iyakar fili, maki huɗu. Idan ya tsallake iyakar ta sama, shida. Ana fitar da mai bugu idan ƙwallo ya daki turakun, ko aka cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, da wasu hanyoyin. Da an fitar da mutum goma, bugun ɓangaren ya ƙare. Jifa shida a jere shi ake kira oba ɗaya. Tsohon salon wasan, wanda ake kira Test, kwanaki ake yi ana bugawa. Shi kuwa wanda muke magana a kai wasan yini ɗaya ne: kowane ɓangare oba 50 kawai yake da ita, jifa 300 ke nan, wanda ya fi maki ya ci. Shi ke nan, kun iya kurket daidai abin da muke buƙata yau.

To, su wa suka yi tafiyar? Jagororinta ya da ƙanwa ne, Shaiza Khan da Sharmeen Khan. An haifi Shaiza a 1969, Sharmeen a 1972. Mahaifinsu attajiri ne a Karachi, mai masana'antar kafet. Sun taso a ƙasar da kurket ya zama kamar yadda ƙwallon ƙafa yake a wurinmu, kowane lungu yara na bugawa. Sai dai sun taso a zamanin Janar Zia ul-Haq, wanda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1988, kuma gwamnatinsa ta takura wa wasannin mata a bainar jama'a sosai. Akwai mata masu buga kurket a makarantu da kwalejoji, musamman a Lahore, har da ƙungiyarsu tun ƙarshen shekarun 1970, amma abin bai taɓa kai wa ga wasa da wata ƙasa a hukumance ba. Su Shaiza a Ingila suka yi karatu, a can suka goge a wasan, suka buga wa ƙungiyoyin unguwa, har suka buga wa yankin Middlesex. Shaiza ta yi jami'ar Leeds, ta zama kyaftin ɗin matan jami'ar.

A 1988, shekarar da Zia ya rasu a haɗarin jirgi, Benazir Bhutto kuma ta zama firayim minista, sai 'yan matan nan suka ga kamar iska ta juya. Suka shirya wasa a Karachi tsakanin mata da wasu tsofaffin 'yan wasa maza, ciki har da shahararren ɗan wasan nan Zaheer Abbas. Kamar yadda Shaiza ta sha ba da labari a hirarraki, sai barazanar kisa ta fara zuwa. Dole aka fasa wasa da mazan, matan suka buga a tsakaninsu, 'yan sanda sun kewaye filin. Daga nan suka koma Ingila. Shaiza tana da shekara 19 a lokacin, Sharmeen 16.

A nan bari in ɗan tsaya. Na san a cikin masu saurarona akwai wanda zai ce ai dama wasa tsakanin maza da mata bai dace ba, kuma wannan ra'ayi ne da mutum zai iya riƙewa ya kawo hujjarsa, a zauna a tattauna. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce amsar yarinya 'yar shekara 16 ita ce a aika wa gidansu saƙon za a kashe ta. Kuma kar wani ya ɗauka ƙofa a Pakistan kaɗai take a rufe. Filin Lord's na Landan, wanda ake kira gidan kurket, sai a 1976 ya bari mata suka buga wasa a cikinsa, kuma kulob ɗin da ya mallake shi sai a 1998 ya yarda mace ta zama mamba. Turawan ma ba da daɗin rai suka buɗe ba.

A wannan filin na Lord's ne, ranar 1 ga Agustan 1993, 'yan'uwan biyu suka kalli wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta mata, Ingila ta doke Niyu Zilan. Shekara ɗaya kafin nan mazan Pakistan sun ɗauki kofin duniya a Melbourne ƙarƙashin Imran Khan, ƙasar ta yi kamar za ta tsage don murna. Ga kuma gasar mata, wadda aka fara tun 1973, shekara biyu kafin ta maza, ba a taɓa ganin tutar Pakistan a cikinta ba ko sau ɗaya. Gasa ta gaba a Indiya za a yi, maƙwabciyarsu, a Disambar 1997. Sai suka ƙudurta cewa Pakistan za ta je.

Yadda suka bi da lamarin shi ne ya fi burge ni, don a nan ne za ku ga bambancin mai ƙorafi da mai aiki. Ba su tsaya jiran hukumar kurket ta maza ta ba su izini ba. A lokacin wasan mata yana da tasa majalisar ta duniya daban, IWCC, wadda aka kafa a 1958, kuma ba ta ƙarƙashin hukumar maza. Su Shaiza suka kafa ƙungiya, PWCCA, suka nemi rajista da majalisar, suka samu a 1996. Da wannan takarda, su ne Pakistan a idon duniyar kurket ta mata. Sai dai akwai sharaɗi: kafin a shiga gasar kofin duniya, sai ƙasa ta buga wasanni uku da wasu ƙasashe. Ba a ce sai ta ci ba. An ce ta buga.

Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Suka sa talla a jarida suna neman 'yan mata masu sha'awa. Kuɗin mahaifinsu ne ya ɗauki nauyin komai. Cikin waɗanda suka samu akwai wata yarinya, Kiran Baluch, wadda ba ta cika shekara 19 ba, za mu sake jin sunanta. Yawancin sauran ba su taɓa buga wasa mai nauyi ba a rayuwarsu. Da wannan tawaga aka nufi kudancin duniya a watan Janairu, lokacin da ake bazara a can, aka je wurin ƙasashe biyu da suke cikin ukun farko a duniya. Ostireliya ta riga ta ɗauki kofin duniya sau uku, a 1978 da 1982 da 1988. Niyu Zilan ita ce ta zo ta biyu a 1993. Kamar ka tara yaran unguwa ne ka yi musu atisaye na 'yan watanni, ka ce wasanku na farko da Barazil ne, na biyu ma da ita, na uku da Ajantina.

Ranar 28 ga Janairun 1997, a filin Hagley Oval da ke birnin Christchurch, matan Pakistan suka buga wasansu na farko a tarihi. Su suka fara bugu, aka fitar da su duka a kan maki 56. Niyu Zilan ta cimma makin cikin oba takwas da ɗoriya, ba a fitar mata da ko mutum ɗaya ba. An tashi da wuri, kowa ya kama gabansa.

Washegari, 29 ga wata, shi ne ranar da ta shiga tarihi. Wannan karon Niyu Zilan ce ta fara bugu, ma'ana babu wani maki da za ta cimma ta tsaya, sai dai ta yi ta bugu har jifa 300 su ƙare. Ta tara 455, an fitar mata da mutum biyar kacal. Kyaftin ɗinsu, Maia Lewis, ita kaɗai ta yi 105. Don ku gane girman abin, kusan maki tara ke nan a kowace oba, tun daga farko har ƙarshe. Kafin wannan rana babu wata ƙasa, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kai 400 a wasan yini ɗaya. Mafi yawan da maza suka yi shi ne 398 da Siri Lanka ta yi wa Kenya a 1996, kuma sai a 2006 maza suka haye 400. Sai Pakistan ta shigo bugu, aka fitar da ita a kan 47. Tazarar maki 408. Shi 455 ɗin ya zauna a matsayin mafi yawa a wasan mata har 2018, lokacin da Niyu Zilan ɗin dai ta yi wa Ailan 491. Ita kuwa tazarar 408 har yanzu ba a karya ta ba.

Ina so ku ƙaddara kanku a filin nan. A ƙwallon ƙafa idan ana lallasa ku, minti 90 ne a tashi. A kurket sai kun jefa jifa 300 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, fiye da awa uku a tsaye, kuna bin ƙwallo zuwa iyakar fili kuna ɗaukowa, kuna miƙa wa mai jifa ta sake jefawa a sake dukansa. Babu hanyar gajarta shi sai dai ku fitar da mutum goma, ku kuma ba ku da ƙarfin hakan, ko ku bar filin, wanda zai rushe abin da ya kawo ku. Kowace jifa sai an rubuta ta a takarda da sunan wadda ta jefa. Sun tsaya sun jefa har ta ƙarshe. Da a bakinmu ne sai mu ce sun yi ta maza, sai dai a wannan labarin kalmar ba ta zauna daidai ba.

Daga nan suka haye Ostireliya. Ranar 7 ga Fabrairu, a Melbourne, birnin da mazansu suka ɗaga kofi shekara biyar baya. Ostireliya ta yi 397, an fitar da huɗu. Lisa Keightley ta yi 156 ba a fitar da ita ba, kyaftin Belinda Clark ta yi 131. Pakistan ta yi 23. Mutum goma aka fitar a kan maki 23, kuma sun shafe oba 24 kafin a gama da su, wato ko maki ɗaya a kowace oba ba su samu ba. Ya zama mafi ƙaranci a tarihin wasan mata na yini ɗaya har 2008, da Holan ta yi 22. Tazara 374.

Wasa uku sun cika. Sharaɗi ya cika.

Yanzu ga gardamar, kuma ba na so in yi kamar babu ta. Mai suka zai ce wannan zubar da mutuncin ƙasa ne. Zai ce wa ya aike su? Me ya sa ba su zauna gida sun gina wasan daga makarantu ba, shekara biyar ko goma, sannan su fita da tawagar da za ta iya tsayawa? Zai ƙara da cewa irin wannan kashi yana ba masu adawa da wasan mata makami, su ce kun gani, dama mun faɗa. Maganar tana da nauyi. Mu masu harkar ƙungiyoyin matasa mun san irinta, ana yawan ce mana ku bari ku shirya tukuna.

Amsata ita ce a duba abin da zaman gida ya haifar. Matan Lahore sun yi kusan shekara ashirin suna da ƙungiya, suna buga wasa a tsakaninsu, kuma ko wasa ɗaya da wata ƙasa bai shiga littafi ba. Ba laifinsu ba ne, zamanin ne ya danne su. Amma hakan ya nuna cewa shirin da ake cewa a jira ba zai taɓa kammala ba, don babu wanda zai ba ka fili da kuɗi da koci saboda tawagar da ba ta wanzu ba. Su Shaiza sun juya tsarin: a fara samar da sunan a takarda, a tilasta wa duniya ta rubuta Pakistan a jadawali, sauran su biyo baya. Sun yi wasa a Ingila, sun kalli Niyu Zilan da idonsu a Lord's, don haka ba za a ce ba su san abin da ke jiransu ba. Kashin nan kuɗin shiga ne, kuma sun biya da saninsu.

Sannan akwai wani abu da masu dariya suke mantawa. Ita kanta Niyu Zilan, wasanta na farko a tarihin kurket na mata a wannan birni na Christchurch aka yi shi, a Fabrairun 1935, da Ingila. An fitar da su a kan maki 44. Ingila ta yi 503, mace ɗaya, Betty Snowball, ta yi 189. Ko da aka ba Niyu Zilan bugu na biyu, jimillarta ba ta kamo bugun Ingila ɗaya ba, saura 337. Wato waɗanda suka yi wa Pakistan 455 jikokin waɗanda aka fitar a 44 ne. Shekara 62 ce kawai tsakani.

Sai dai akwai wata suka da ni kaina nake ganin ta fi ƙarfi, ita ce ta aji. Wannan ƙofa da kuɗin kafet aka buɗe ta. Da su Shaiza 'ya'yan mai shayi ne, da ba su je Ingila ba, da ba su san akwai wata majalisa da ake rajista da ita ba, balle kuɗin jirgi zuwa Christchurch na tawaga guda. Barazanar 1988 ma, suna da inda za su gudu. Wannan bai rage musu komai a idona ba, don masu kuɗi da yawa sun ga abin da suka gani suka kau da kai. Amma gaskiya ce da ya kamata a faɗa: jarumta ita kaɗai ba ta sayen tikiti. Kuma abin da mutum ya gina da kuɗin gidansu, da wuya ya yarda wani ya sa masa baki a ciki. Wannan ya zo ya zama matsala daga baya.

Tun kafin gasar Indiya rigima ta tashi a gida. Ɓangaren Lahore suka ce su ne halastattun wakilan matan Pakistan, su suka riga kowa. Rikicin ya kai har aka sa sunayen su Shaiza a jerin mutanen da aka hana fita daga ƙasar, jerin da aka saba sa wa manyan masu laifi da 'yan siyasar da ake nema. Ku lura, a wannan karon ba masu barazana ba ne suka tare hanya, rigimar wa ke da sunan ce. Suka dai sulale suka isa Indiya tare da kociyarsu 'yar Ostireliya, Jodie Davis. Sun buga wasa biyar, sun sha kashi a duka. Ostireliya ta fitar da su a kan 27. Amma a wasansu da Ingila sun yi 146, mutum uku kawai aka fitar. An ci su da nisa, duk da haka tawagar da ta yi 23 a Fabrairu ta tsaya wa masu riƙe da kofin duniya a Disamba ba ta rushe ba.

Nasarar farko sai a 2001 ta zo, da Holan ta ziyarci Karachi aka buga wasa bakwai, Pakistan ta ci huɗu. A 2003 wata yarinya, Sajjida Shah, wadda ta fara buga wa ƙasar tana da shekara 12, ta fitar da 'yan Japan bakwai, maki huɗu kacal aka samu a jifarta. Har yau babu macen da ta fi haka a wasan yini ɗaya. Sai Maris 2004, a babban filin Karachi, a wasan Test da West Indies, tawagar tsibiran Karebiyan. Kiran Baluch, yarinyar nan da aka tafi da ita Christchurch, ta yi maki 242 ita kaɗai, ta wuce 214 na Mithali Raj ta Indiya, kuma har yanzu shi ne mafi yawa da wata mace ta taɓa yi a wasan Test. A wasan dai Shaiza ta fitar da mutum 13, uku daga ciki a jifa uku a jere. Shi ma ba a karya shi ba. Kiran ɗin da ta tsaya a fili aka yi musu 455, yau makinta ita kaɗai ya kusa ninka abin da duk tawagar ta tara a wasa ukun farko.

Sai kuma aka zo wurin da labarin yake ɓata min rai. A 2005 majalisar mata ta duniya ta narke a cikin hukumar kurket ta duniya, ICC, aka ce kowace ƙasa hukumarta ta maza ta karɓi ragamar wasan mata. A Pakistan hukumar PCB ta buɗe sashen mata. An daɗe ana shari'a da ja-in-ja tsakaninta da ƙungiyar su Shaiza a kan wa ke da ikon amfani da sunan ƙasar, kuma da wannan haɗewa takardar 1996 ta tashi aiki. Shaiza da Sharmeen da Kiran ba su sake buga wa Pakistan wasa ba. Kiran tana da shekara 26 lokacin da ta yi 242 ɗin nan, daidai ganiyar ɗan wasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba zan ce hukumar ba ta yi komai ba, ƙarya ne. A hannunta aka samu zinare a wasannin Asiya na 2010 da 2014. A hannunta mata suka fara karɓar albashin kwantiragi, abin da aljihun gida ɗaya ba zai taɓa ɗauka ba. Sana Mir, wadda ta fara wasa a ƙarshen 2005, ta zama ta ɗaya a duniya cikin masu jifa a 2018, kuma a 2025 ta zama macen Pakistan ta farko da ICC ta sa a jerin gwarazanta. A 2021 aka fito da tsarin hutun haihuwa na wata 12 da albashi, shi ya sa Bismah Maroof ta je gasar kofin duniya ta 2022 a matsayin kyaftin da jaririyarta a hannu. Kuma ba zan rantse cewa su Shaiza ba su da nasu taurin kan a rigimar ba. Haɗewar dole ce, kuma alheri ce. Abin da nake ƙi shi ne salon, a karɓi gida a kori wanda ya aza tubali, maimakon a ba shi kujera ko da ta shawara ce. Ku duba kuma wani abu: wasan Test uku kacal matan Pakistan suka taɓa bugawa, a 1998 da 2000 da 2004, dukansu a zamanin 'yan'uwan nan. Tun da hukuma mai kuɗi ta karɓa ba a sake buga ko ɗaya ba.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu. Waɗanda suka bi labarai a Janairun 2025 za su tuna 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar kofin duniya a Maleshiya, a karonsu na farko a gasar. Ranar mutane da yawa suka fara jin cewa muna da tawagar kurket ta mata ma. Ita ma wasu ne suka yi shekaru suna bugawa ba mai kallo kafin a kai ga ranar, kuma zan so wani ya zauna ya rubuta sunayensu tun suna raye.

Mu koma Christchurch. A Disambar 2023 matan Pakistan suka sake zuwa Niyu Zilan. A gajeren wasan nan na oba 20 da ake kira T20, sun ci biyu cikin uku, suka ɗauki jerin wasannin, abin da ba su taɓa yi wa Niyu Zilan ba. A wasannin yini ɗaya masu gida suka ci biyun farko. Na ukun aka buga shi ranar 18 ga wata a Hagley Oval, filin 56 da 47 da 455. Niyu Zilan ta yi 251. Pakistan ta bi, jifa 300 suka ƙare tana da 251 cif. Aka ba kowa oba ɗaya ta raba gardama, Pakistan ta yi 11, Niyu Zilan ta yi 8. Wannan ne karo na farko da matan Pakistan suka doke Niyu Zilan a wasan yini ɗaya a ƙasarta, kusan shekara 27 bayan zuwan farko. Wadda ta ja tawagar a ranar, Fatima Sana, 'yar Karachi ce mai shekara 22, ba a ma haife ta ba lokacin da aka yi waccan tafiyar.

Sharmeen Khan ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu a Disambar 2018 tana da shekara 46. Allah ya jiƙanta da rahama.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.